Nahawun Harshen Na'ura: Ginshiƙan Harshen Kotlin Tare da Misalai Daga Anka da Gummi da Bukkuyum

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin Hausa ya saba da jin kalmar harshe a kan maganar ɗan Adam, watau irin su Hausa da Fulatanci da Larabci. A wannan zamani kuwa kalmar ta sami wani sabon gida, domin masana kimiyyar kwamfuta su ma harshe suke kiran tsarin da suke bi wajen rubuta wa na'ura umarni. Duk wata manhaja da ke cikin wayar hannu, tun daga ta aika kuɗi har zuwa ta sauraren karatu, da irin wannan harshe aka rubuta ta. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana ginshiƙan ɗaya daga cikin waɗannan harsuna, watau Kotlin, ta hanyar auna su da abin da aka riga aka sani na nahawun Hausa. Domin kada bayanin ya tsaya a sama, an ɗauko misalan daga annobar gubar dalma da ta auku a yammacin Jihar Zamfara, inda kuskure ƙanƙane a rubutun bayanai kan iya zama sanadin rai.

2.0 Harshen Mutum da Harshen Na'ura

Dangantakar fannonin biyu tsohuwa ce. A 1956 Noam Chomsky ya karkasa ire-iren nahawu gwargwadon ƙarfin dokokinsu. A 1959 da 1960 kuma John Backus da Peter Naur suka fito da wata hanya ta rubuta dokokin harshen ALGOL, wadda aka gane daga baya cewa daidai take da ɗaya daga cikin rukunonin Chomsky. Saboda haka dokar nan da ɗalibai ke rubutawa cewa jimla ta ƙunshi yankin suna da yankin aikatau, da bishiyar li'irabin da suke zanawa a ƙarƙashinta, su ne dai kayan aikin da na'ura ke feɗe umarni da su. Akwai wata babbar manhaja, wadda a nan za a kira tafinta, da ke karanta abin da mutum ya rubuta, ta gina bishiyarsa, ta duba ko ya bi doka, sa'an nan ta mayar da shi lambobin da wayar ke ganewa.

Babban bambancin harsunan biyu shi ne harshen mutum yana jure wa harshen damo. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka kalmar gari kan tsaya a madadin wurin zama, ta kuma tsaya a madadin abin da aka niƙa. Bahaushe bai taɓa rikicewa a kan wannan ba, domin in ya karanta "an niƙa gari" sauran jimlar ta riga ta warware masa. Tafinta ba ta da wannan basira. Kowace jimla ma'ana ɗaya tak take da ita a wurinta, in kuwa waƙafi ɗaya ya ɓace daga mazauninsa sai ta ƙi aikin gaba ɗaya.

Kamfanin JetBrains ne ya ƙirƙiro Kotlin, ya bayyana shi a 2011, ya kuma raɗa masa sunan wani tsibiri da ke kusa da birnin San Fitasbag na ƙasar Rasha. Cikakken bugu na farko ya fito a Fabrairun 2016. Kafin nan da harshen Java, wanda ya fito a 1995, ake rubuta yawancin manhajojin Android. A 2017 kamfanin Google ya amince da Kotlin, a 2019 kuma ya fifita shi a kan Java. Wayoyin iPhone nasu harshen daban ne, watau Swift, wanda ya fito a 2014, amma ginshiƙan da za a tattauna a nan kusan duk harsunan sun yi tarayya a kansu.

3.0 Tushen Misalan

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna cewa duwatsun da ake haƙowa domin neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa, kuma a cikin gidaje ake daka su a turmi ko a niƙa su a injin niƙa. Ƙurar ta gauraye da ƙasar tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Aƙalla yara 400 suka rasu. Daga cikin ƙauyukan da abin ya shafa akwai Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. An kwashe gurɓatacciyar ƙasar ƙauyuka bakwai a 2010 da 2011, ta Bagega kuwa sai a 2013.

Ana auna dalma ne da adadin mikirogiram a cikin kowace desilita ta jini, desilita kuwa ita ce ɗaya bisa goma na lita. Ƙa'idar da aka bi ita ce yaron da awonsa ya kai 45 ko ya haura a ba shi maganin da ke janye dalma daga jiki. Manhajar da za a riƙa kawowa a nan ta misali ce kawai, an ƙaga ta domin bayani. A ƙaddara cewa wata ma'aikaciyar lafiya ce ke zagaya ƙauyukan Anka da Gummi da Bukkuyum da wayarta, tana rubuta sunan kowane yaro da ƙauyensa da awon jininsa.

4.0 Ginshiƙan Harshen

4.1 Mazubi

Mazubi wuri ne a cikin ƙwaƙwalwar waya da ake raɗa wa suna a ajiye wani abu a ciki. Matsayinsa kamar na suna ne a nahawu. Ga misali:

(1) val suna = "Hassana"
(2) var awo = 52.4

Kalmar val tana nuna cewa abin da aka zuba ba zai sauya ba, var kuwa tana nuna mai sauyawa ne. Sunan yarinya yana nan yadda yake, amma awonta zai ragu in magani ya karɓe ta. Idan wani ya zo daga baya ya nemi sauya abin da ke cikin mazubi na (1), tafinta za ta hana. Amfanin wannan shi ne kada a wayi gari an ɗora awon wata yarinya a kan sunan wata.

Kalmomin da harshen ya keɓe wa kansa, irin su val da var, daga Ingilishi aka gutsuro su, kuma ba su da yawa. Sunayen mazubai kuwa zaɓin mai rubutu ne. Yana iya raɗa su da Hausa, har da baƙaƙe masu lanƙwasa, don haka ƙauye da ɗaki sunaye ne karɓaɓɓu. Alamar hamza ta yau da kullum ce ba ta shiga, saboda harshen ya ba ta wani aiki dabam. Wannan ya sa aka zaɓi awo a nan aka bar ma'auni.

4.2 Nau'i

Kowane mazubi yana da nau'in abin da yake karɓa:

(3) val ƙauye: String = "Dareta"
(4) val watanni: Int = 30
(5) val mace: Boolean = true

String rubutu ne, Int cikakkiyar lamba ce, Double lamba ce mai ɗigo irin ta (2), Boolean kuwa amsa ce ta i ko a'a. Wanda ya san dokar jituwar jinsi a Hausa ya riga ya san wannan. Da zarar an ce "yarinya ya zo" kunnen Bahaushe zai ƙi, domin suna na mace ne lamirin kuwa na namiji. Haka tafinta ke ƙin a zuba kalmar "da yawa" a mazubin da aka ware wa lamba. Abin lura shi ne tun a teburin mai rubutu ake kama wannan kuskure, kafin manhajar ta isa hannun ma'aikaciya a ƙauye.

4.3 Aiki

Aiki shi ne takwaran aikatau. Jerin umarni ne da aka ɗaure wuri ɗaya aka ba shi suna, domin a riƙa kiransa duk lokacin da aka bukata. Da kalmar fun ake buɗe shi:

(6) fun naBukatarMagani(awo: Double): Boolean {
return awo >= 45.0
}

Ma'anar (6) ita ce: a karɓi awo, a duba ko ya kai 45 ko ya fi, a mayar da amsar i ko a'a. Kamar yadda ake da aikatau so-karɓau irin su kama da aikatau ƙi-karɓau irin su zauna, haka wani aikin ba ya tafiya sai an miƙa masa abu, wani kuwa ba ya bukatar kome. Hikimar ware wannan doka a wuri ɗaya ita ce, in likitoci suka sauya ƙa'ida, layi ɗaya za a gyara. Da an warwatsa lambar 45 a wurare ashirin, lalle sai an manta da ɗaya.

4.4 Sharaɗi

Jimlar sharaɗi ta Hausa, mai farawa da in ko idan, ita ce Kotlin ke ginawa da if da else:

(7) val saƙo = if (mace) "A kai ta asibiti" else "A kai shi asibiti"

A nan na'ura na duba jinsin yaron kafin ta zaɓi wakilin suna. Wannan bukata ta Hausa ta zarce ta Ingilishi, domin Hausa na bambanta jinsi har a mutum na biyu, watau ka da ki. Manhajar da aka tsara da tunanin Ingilishi kurum sai ta riƙa ce wa mace "ka shigar da suna", ko kuwa a fake da jam'in girmamawa a ce ku.

Sharaɗi ne wurin da ƙaramin kuskure ya fi yin ɓarna. Alamar >= tana nufin ya kai ko ya fi, alamar > kuwa tana nufin ya fi kawai. Idan aka bar alamar daidai a (6), yaron da awonsa ya tsaya a 45 cif zai koma gida ba magani. Tafinta ba za ta ce uffan ba, domin jimlar ta bi doka. Masu nazarin harshe sun daɗe da sanin cewa jimla kan inganta ta fuskar gini ta kuma ɓaci ta fuskar ma'ana, kuma irin wannan ɓaci mutum ne kaɗai ke iya gano shi, ta hanyar jarraba manhajar da lambobin da ke bakin iyaka.

4.5 Jeri da Maimaici

Jeri shi ne jam'i, watau mazubi ɗaya mai ɗauke da abubuwa da yawa a jere. Maimaici kuwa umarni ne na a bi su ɗaya bayan ɗaya:

(8) for (ƙauye in ƙauyuka) {
nuna(ƙauye)
}

Ko ƙauyuka uku ne ko ɗari uku, layukan nan ba sa ƙaruwa. Wannan ya yi kama da ninki a ginin kalmar Hausa, inda kama ke komawa kakkama, aiki ɗaya ya faɗa a kan abubuwa da yawa. Sai dai na'ura daga sifili take fara ƙidayar jeri, don haka na farko shi ne mai lamba 0, kuma wanda ya nemi mai lamba 3 a jerin abubuwa uku ya nemi abin da babu.

4.6 Aji da Babu

Aji tsari ne da ke tattara mazubai masu dangantaka:

(9) class Yaro(val suna: String, val ƙauye: String, var awo: Double?)

Yaro a nan kamar suna gama-gari ne, Hassana ta Dareta kuwa kamar suna na yanka, watau ɗaya daga cikin 'yan ajin. Abin da ya fi muhimmanci a (9) shi ne alamar tambaya da ke ƙarshe. Tana nuna cewa mai yiwuwa mazubin awo ya kasance babu kome a ciki, abin da harshen ke kira null. Yaron da ba a auna ba daban yake da yaron da aka auna aka sami sifili. Manhajar da ta haɗa su za ta nuna ƙauyen da ba a taɓa zuwa ba a matsayin ƙauyen da ya fi kowane lafiya.

Masanin nan na Ingila, Tony Hoare, wanda ya shigo da null cikin wani harshe a 1965, ya bayyana a 2009 cewa kuskure ne da ya jawo hasarar da ta kai dala biliyan. Dalili kuwa shi ne a harsuna irin su Java manhaja kan miƙa hannu cikin mazubi ta tarar wayam, sai ta mutu nan take. Kotlin ya magance yawancin wannan ta hanyar tilasta wa mai rubutu ya faɗi abin da za a yi in an tarar babu, kafin tafinta ta yarda.

Annobar Zamfara ta nuna cewa akwai ma hali na uku. Na'urar awo ta tafi-da-gidanka da aka yi amfani da ita, mai suna LeadCare II, iyakarta 65, kuma jinin yara da yawa ya zarce haka, har sai da aka koma tsarma jinin kafin a auna. In an rubuta 65 an rage wa cutar nauyi, in an bar wurin wayam an mayar da yaron cikin waɗanda ba a auna ba, alhali shi ya fi kowa bukatar gaggawa. Kotlin na da hanyar da za a lissafa halayen uku a matsayin rufaffen rukuni, sa'an nan a yi amfani da kalmar when a tanadar wa kowanne hukuncinsa. In an tsallake ɗaya, tafinta za ta ƙi.

5.0 Abubuwan da Suka Keɓanta da Wayar Hannu

Waya ba ta zaune wuri ɗaya kamar kwamfutar ofis. Kira kan shigo ana tsakiyar rubutu, caji kan ƙare, kuma Android kan rufe manhajar da aka bari a baya in ƙwaƙwalwa ta cika. Wajibi ne mai rubutu ya tanadi adana bayani a kowane mataki. Haka kuma in manhaja ta yi kamar daƙiƙa 5 ba ta amsa taɓawar mai ita ba, Android zai sanar cewa ta sandare. Don haka aiki mai jan lokaci, kamar aika bayanai ta intanet, a bayan fage ake yin sa. Kotlin ya tabbatar da tsarinsa na yin haka a 2018, inda kalmar suspend ke nuna aikin da zai iya dakatawa ya jira ba tare da ya tsayar da sauran ba.

Ga yankin da ake magana a kai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A watan Satumba na 2021 hukuma ta sa aka katse layukan waya a duk Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni a haka. Manhajar da ba ta motsi sai da intanet ta zama hoto a irin wannan lokaci. Wadda aka tsara da kyau kuwa a cikin wayar take adana bayanai, ta aika in layi ya dawo. A kan wannan tsari aka gina ODK, manhajar tattara bayanai da aka fara a Jami'ar Washinton ta Amurka a 2008, wadda aka yi amfani da ita a aikin rigakafin shan-inna a Nijeriya.

6.0 Gurbin Masanin Hausa

Tsarin ASCII na 1963 alamomi 128 kawai ya tanada, babu ɓ da ɗ da ƙ a ciki. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ya ba kowannensu lamba, kuma shi Kotlin ke bi. Duk da haka da sauran rina a kaba. Lambobin baƙaƙe masu lanƙwasa sun fi na sauran girma, don haka in aka ce na'ura ta jera sunaye ba tare da an gaya mata dokar Hausa ba, sai ta kai Ƙaura bayan Zurmi. Akwai tanadin jerin abacada na Hausa, wanda ke sa ƙ bayan k, da sh bayan s, da ts bayan t, amma sai wanda ya san da matsalar zai neme shi. Hamzar da ke farkon 'Yargalma ita ma takan karya umarnin da ake aika wa rumbun bayanai in an yi sakaci, domin a can alama ce ta buɗe zance da rufe shi.

Android ya raba umarni da kalmomin da mai waya ke gani. Kalmomin a wani fayil dabam ake ajiye su, na Hausa a ƙarƙashin alamar ha. Ke nan masanin Hausa na iya fassara manhaja sukutum ba tare da ya taɓa umarni ko ɗaya ba. A nan ne kuma batun karin harshe ke tasowa. Mutumin Gummi ko Bukkuyum shina yake cewa inda daidaitacciyar Hausa ke cewa yana, ya ce hwari a maimakon fari, ya ce ɗiya a maimakon 'ya'ya. Rubutun allo na iya bin daidaitacciyar Hausa, amma saƙon murya da za a kunna wa uwa a tsakar gida ya fi shiga in ya zo da karin da ta tashi da shi. Wannan hukunci ne na mai ilimin harshe, kuma babu tafintar da za ta yanke shi.

7.0 Kammalawa

An ga cewa mazubi da nau'i da aiki da sharaɗi da maimaici da aji su ne ginshiƙan Kotlin, kuma kowannensu yana da makusanci a nahawun Hausa. An kuma ga cewa tafinta na kama kuskuren gini, amma kuskuren ma'ana, irin na yaron da awonsa ya tsaya a 45 ko wanda ya zarce 65, sai mutumin da ya san abin da lambobin ke nufi. Kalmomin mazubi da tafinta da maimaici da aka yi amfani da su a nan shawara ce kawai. Kamar yadda aka tattara kalmomin nazarin harshe da adabi a littafin Hausa Metalanguage, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, haka wannan fanni ke jiran malamai da ɗaliban sassan Hausa su zauna da masana kwamfuta a daidaita nasa kalmomin, tun kafin kowa ya raɗa nasa a rasa na kamawa.